Ƙahon barewa, ƙoƙon kunkuru da ƙashin damisa: me ke cikin magungunan gwiwa na Sinawa?

Maman Khadija: Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana. 'Yan kasuwarmu masu zuwa sari Guangzhou suna shigowa da magungunan gwiwa na gargajiyar Sinawa, wasu baƙaƙen ƙwayoyi ne, wasu a kwalba, wasu kuma daskararren abu ne mai launin ƙasa-ƙasa da ake narkarwa. Ana cewa akwai ƙahon barewa da ƙashin damisa a ciki. Ga dattijuwa mai shekara 60 da ɗoriya, wadda gwiwarta ke ƙara tana yi mata ciwo in za ta ɗago daga sujada, wannan abin zai yi mata amfani? Kuma ya halatta a sha?

Ɗan Nanjing: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a je ga kwalba, sai an san yadda su Sinawan suke raba ciwon, don ba magani ɗaya suke bai wa kowace gwiwa ba. A tsarinsu ƙoda ce ke riƙe da ƙashi, hanta kuma ke riƙe da jijiyoyi, gwiwa ita ce mahaɗarsu. Idan gwiwa ta yi laushi, ƙafa ba ƙarfi, ƙugu na ciwo, kuma shekaru sun ja, sai su ce ƙoda da hanta ne suka yi rauni, a ba da maganin ƙara ƙarfi. Nan ne ƙahon barewa da ƙoƙon kunkuru suke shigowa. Idan kuwa ciwo ne mai yawo daga gaɓa zuwa gaɓa, ko mai tsananta da sanyi da damina, sunansa "bi" da Sinanci, wato iska da sanyi da laima sun toshe hanya. Nan kuma maciji da kunama da shanshani ake sawa.

Ƙahon barewar da ake magana, lu rong, ɗanyen ƙaho ne na namiji tun yana da laushi da gashi-gashi, jini na gudana a cikinsa, kafin ya zama ƙashi. Lardin Jilin ne cibiyarsa a Sin, New Zealand kuma tana fitar da shi da yawa. Ana yanka shi fale-fale, kuma farashi na bin wurin da aka yanko: na can tsini shi ne mafi tsada, na tsakiya ya bi, na gindi wanda ya fara zama ƙashi shi ne mafi araha. Adadinsa a kundin magungunan Sin giram 1 zuwa 2 ne a yini, a niƙa a sha. Ba a dafa shi da sauran itatuwa. Kuma ƙa'ida ce a fara da ɗan kaɗan ana ƙarawa, domin wanda ya afka masa da yawa yakan yi jiri, idanu su yi ja, wani har haɓo. Mai zazzaɓi, mai hawan jini, da mai jin zafi a tafin hannu da gumin dare, duk ba a ba su.

Maman Khadija: To shi daskararren fa, Malam? Shi aka fi kawowa.

Ɗan Nanjing: Wannan danƙo ne. Ana sassara tsohon ƙaho mai tauri, a jiƙa a wanke, a tafasa shi sau da yawa ana tace ruwan, sannan a haɗa ruwan a ci gaba da dafawa a wuta kaɗan har ya yi kauri, a zuba a faranti ya daskare, a yanka a shanya a inuwa. Kamar dai romon ƙafar saniya da ya kwana ya sandare, sai dai an busar da shi. Na ƙaho sunansa lu jiao jiao, ana shan giram 3 zuwa 6. Na ƙoƙon kunkuru gui jia jiao, giram 3 zuwa 9. Wanda ya fi shahara a kan gwiwa, musamman a Taiwan, shi ne haɗin nan Gui Lu Er Xian Jiao, tun zamanin daular Ming: ƙaho kashi biyu, ƙoƙon kunkuru kashi ɗaya, sai saiwar ginseng da 'ya'yan itacen goji. Dabarar haɗin ita ce ƙaho mai zafi ne, kunkuru mai sanyi, kowa ya rage kaifin ɗan'uwansa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jefa danƙon cikin tukunya tare da itatuwa. Zai manne a gindi ya ƙone, ya kuma lulluɓe itatuwan ya hana su sakin ruwansu. Ana fasa shi ne ƙanana, a zuba a kofi da ruwan ɗumi, a ɗora kofin cikin ruwan zafi ana juyawa har ya narke. Yana kuma da nauyi a ciki. Mai kumburin ciki ko gudawa in ya sha, abin ƙaruwa yake yi. Shi kuwa ƙoƙon kunkuru tsagwaronsa, ana soya shi cikin yashi mai zafi, a tsoma a ruwan tsami tun yana da zafi don ya yi saurin farfashewa, kuma sai an fara tafasa shi shi kaɗai kamar rabin awa kafin a zuba sauran, giram 9 zuwa 24.

Likitan Ƙashi: Bayani ya yi kyau, Malam, amma Hajiya ta tambaya ko yana aiki, kuma nan ne zan ja da kai. Danƙon nan kolajin ne, wato sinadarin da ke cikin fata da jijiya da ƙashi, da aka dafa. Yana isa ciki, ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da kowane nama, babu wata hanya da zai bi ya je ya liƙe a guringuntsin gwiwa. Abin da Hajiya ta kwatanta, ƙara da ciwo wajen tashi a mai shekara 60, alamar zaizayewar guringuntsi ce, kuma har yau babu abin sha da aka tabbatar yana mayar da guringuntsin da ya cinye. Shi ɗanyen ƙahon ma an gwada shi gwaji na ƙa'ida a Kanada, aka wallafa a 2008: mutum 168 masu amosanin gaɓɓai irin na garkuwar jiki, wata shida, rabi na shan ƙaho rabi na shan ƙwayar da ba komai a ciki. Ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba.

Ɗan Nanjing: Likita, wannan gwajin na sani, amma ka lura ciwon da aka gwada a kai. Amosanin garkuwar jiki yana zuwa da kumburi da zafi, kuma wannan shi ne ainihin wanda likitan gargajiyar Sin zai ce kada a ba shi ƙaho, tunda ƙaho mai zafi ne. An ba da magani ga mutanen da masu maganin da kansu ba za su bai wa ba. Sannan su ba sa ba da abu ɗaya tilo, haɗi suke yi gwargwadon mutum.

Likitan Ƙashi: Na yarda gwajin bai rufe ƙofa a kan gwiwar tsufa ba. Amma wanda ya ce abu na aiki shi ke da nauyin kawo shaida, kuma gwaje-gwajen da ake da su a kan waɗannan haɗe-haɗen mafi yawansu ƙanana ne, gajeru, da yawa ba a ɓoye wa mai sha abin da yake sha ba. Ciwon gwiwa kuwa yana hawa yana sauka da kansa. Mutum yakan sayi magani ne ranar da ciwo ya kai ƙarshe, bayan mako biyu ya lafa ko da bai sha komai ba, sai yabo ya tafi ga kwalba.

Mai Kemis: Ku bar ni in shigo ta inda ya fi tayar mini da hankali, don ni ba ƙahon nake tsoro ba, abin da ake cusawa a ɓoye nake tsoro. Wani bincike da aka yi a asibitocin Taiwan, aka wallafa a 1997, ya gwada samfuri 2,609 na magungunan gargajiya, kusan kashi 24 cikin ɗari an same su da maganin bature a ciki ba tare da an rubuta ba. Magungunan ciwon gaɓɓai suna cikin waɗanda aka fi yi wa haka. Abin da ake zubawa sananne ne: prednisolone, dexamethasone, indomethacin, diclofenac. Tun shekarun 1970 aka kama irin wannan a wasu ƙwayoyin amosani da suka fito daga Hong Kong suka shiga Amurka, har da phenylbutazone mai lalata ɓargo.

Ga yadda za ki gane, Hajiya. Maganin ƙara ƙarfi na gaskiya, ko a wajen masu shi, sai an yi makonni kafin a ce an ji wani abu. Idan aka sha ƙwaya da safe, kafin la'asar tsohuwa ta miƙe tana cewa ta warke, ga cin abinci ya buɗe, to ki yi zargin akwai sitiroyid, wato irin su prednisolone da dexamethasone ɗin nan. Bayan wata ɗaya ko biyu fuska za ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta riƙa yin tabo da ɗan bugu kaɗan, suga da jini su hau. Yana kuma cinye ƙashi, yana iya kashe kan ƙashin ƙugu, wato maganin gaɓa ya koma mai lalata gaɓa. Abu mafi muhimmanci: wanda ya yi sama da mako uku yana sha kada ya daina rana ɗaya. Jiki ya riga ya rage yin nasa sinadarin, in aka yanke kwatsam jini na iya faɗuwa, ga amai ga suma, har rai na iya salwanta. A ɗauki kwalbar a je asibiti, a auna wannan sinadarin, wato kotisol, da safe, likita ya tsara yadda za a rage a hankali.

Maman Khadija: Innalillahi. Wallahi da yawa abin da suke yabawa ke nan, wai nan take yake aiki.

Mai Kemis: Shi ya sa. Akwai kuma haɗari daga itatuwan da ake haɗawa da kayan dabbobin. Saiwar chuan wu da cao wu da fu zi suna cikin magunguna da yawa na ciwon gaɓa mai tsananta da sanyi, kuma guba ce mai rikita bugun zuciya. A tukunya ana tafasa su awa ɗaya zuwa biyu don gubar ta karye. A giyar magani kuwa ba a tafasawa, jiƙawa ake yi, barasa kuma tana janyo gubar gaba ɗaya. Alamar farko leɓe da harshe su yi kamar sun mutu, sai zuciya ta fara tsalle. Wannan asibiti ne nan take, ba a jira. Sai saiwar guang fang ji, wadda ta lalata ƙodar mata fiye da 100 a Beljiyam a farkon shekarun 1990, Sin ta hana amfani da ita a 2004, amma tsofaffin haɗe-haɗe na bayan fage ba a rasa ta.

Ɗan Nanjing: Wannan gaskiya ne, ban da ja. Su ma kunama da shanshani kundin Sin ɗin da kansa ya rubuta cewa masu guba ne: kunama giram 3 zuwa 6, shanshani 3 zuwa 5, mai ciki ba ta sha ko kaɗan. Macizan kuma iri uku ne, wu shao she marar dafi, sai qi she da jin qian bai hua she masu dafi, ana cire kai da ɓawo a sarrafa naman da giyar shinkafa. Masu ƙaiƙayi da borin jini sukan sha wuya da waɗannan.

Mai Gandun Daji: Ba wanda ya taɓa ƙashin damisar tukuna. Hajiya, damisar da suke nufi ita ce babbar nan ta Asiya mai zane-zane. Majalisar gudanarwar Sin ta haramta cinikin ƙashinta da ƙahon karkanda a watan Mayun 1993, aka cire su daga kundin magunguna. A Oktoban 2018 gwamnati ta sanar za ta ɗan sassauta ga na kiwo, duniya ta yi ca, kafin wata ya cika aka ce an ɗage aiwatarwa. Saboda haka duk kwalbar da ta ce akwai ƙashin damisa, ɗayan biyu ne: ko ƙarya ce, ko kayan laifi ne. Gwaje-gwajen da hukumomin kare namun daji suka yi sun sha nuna cewa da yawa babu ko ɗigon ƙashin a ciki. Kuma a wasu ƙasashe, kamar Amurka tun 1998, rubuta sunan a jikin kwali kaɗai ya isa a ƙwace a hukunta, ko da babu komai a ciki. Ɗan kasuwar da ya sa wannan a jakarsa yana wasa da fasfonsa ne.

Abin da ya fi ci mini rai, da damisa ta yi wuya sai kasuwar ta juyo Afirka. Afirka ta Kudu ta ware ƙwarangwal ɗin zaki 800 a 2017 don fitarwa Asiya, inda aka riƙa sayar da su a madadin na damisa, har kotu ta ce a 2019 yadda aka ware adadin ya saɓa doka. Ga ɗankunya, wanda ake cewa ɓawonsa na buɗe hanyar jini yana rage ciwon gaɓa. Ɓawon nan sinadarinsa ɗaya da farcen mutum. An haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun taron 2016 na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, Sin ta cire shi daga jerin kundinta a 2020, amma a Afrilun 2019 Singafo ta kama tan 12.9 na ɓawon a kwantena ɗaya da ta taso daga Najeriya za ta Biyetnam.

Baban Sadiq: Ai har jakunanmu abin ya shafa, ko ba haka ba?

Mai Gandun Daji: Ƙwarai. Wannan shi ne e jiao, danƙon fatar jaki, cibiyarsa gundumar Dong'e a lardin Shandong. Shi asalinsa maganin ƙarin jini ne, ba na gwiwa ba, amma yana shiga cikin haɗe-haɗen ƙara ƙarfi na tsofaffi. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016 da ta ga sun fara ƙarewa kuma farashinsu ya fi ƙarfin talaka, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka jaki don fatarsa a Fabrairun 2024.

Malam Na Zaure: Tunda an tambayi halacci, bari in faɗi abin da ya bayyana, sauran kuma a kai wa malamin da zai ga kayan da idonsa. Na kwalba da aka jiƙa a giya, wannan babu dogon zance, giya ce, kuma Annabi (SAW) ya ce ita ba magani ba ce, cuta ce. Naman jakin gida an hana shi tun ranar Khaibara. Ɗanyen ƙaho kuwa daga jikin dabba mai rai ake yanko shi da jininsa, kuma hadisi ya nuna abin da aka yanke daga dabba tana raye hukuncinsa na mushe ne. A mazhabarmu ta Malikiyya ƙaho da ƙashi da kofato na mushe duk najasa ne, Hanafawa kuwa suna ganin ƙashi da busasshen ƙaho masu tsarki ne, to akwai saɓani a kan tsohon ƙaho. Maganar lalura tana shigowa ne idan babu wani magani na halal kuma likita amintacce ya tabbatar da amfanin wannan, ga shi kuwa Likita ya ce ba a tabbatar ba.

Ɗan Nanjing: Allah ya ƙara ilimi, Malam. In ƙara maka abu biyu da za su shafi fatawar. Na ɗaya, shi kansa danƙon ana zuba masa giyar shinkafa da sukari da man waken suya lokacin dafawa, ƙa'idar sarrafa shi ce. Na biyu, tsohon haɗin nan na gwiwa Hu Qian Wan, na likita Zhu Danxi da ya rasu a 1358, da ƙashin damisa aka san shi. Bayan haramcin sai masana'antu suka musanya shi, wasu da ƙashin kare, wasu da na alade ko saniya, wasu da na wani ɓeran ƙarƙashin ƙasa na tsaunukan Qinghai. Abin da ake kira ƙashin damisa na roba, wanda aka amince da shi a Sin, haɗin ƙasusuwan dabbobin kiwo ne, kuma da na alade a ciki.

Saboda haka a karanta bayan kwali, galibi da Latin ake rubutawa. Os ƙashi ne: Os Tigris na damisa, Os Canis na kare. Cornu Cervi ƙahon barewa, Colla Corii Asini danƙon jaki, Squama Manis ɓawon ɗankunya, Plastrum Testudinis ƙoƙon kunkuru, Scorpio kunama, Scolopendra shanshani. Akwai kuma masu sunan dabba alhali tsirrai ne, kamar niu xi da gou ji, waɗanda manhajar fassara za ta nuna miki gwiwar sa da gadon bayan kare. Haka man shafawar nan Tiger Balm, hoton damisar kawai ne, kafur ne da mantol da man kanumfari.

Baban Sadiq: To in kwalin duk rubutun Sinanci ne, babu Latin babu Turanci?

Mai Kemis: A ajiye shi. Maganin da hukumar Sin ta amince da shi yana da lamba mai farawa da harafin Z sannan lambobi takwas. Wanda aka shigo da shi Najeriya ta hanyar da ta dace kuma yana da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Amma a sani, lambar da NAFDAC ke bai wa maganin gargajiya a matakin farko shaida ce ta cewa an duba lafiyarsa, ba shaidar yana warkarwa ba, kuma ana buga lambar jabu. Ƙwayoyin da aka ƙulla a leda ba suna kuwa, ba a ma fara zancensu. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ko maganin suga ko na hawan jini kada ya haɗa da komai sai ya nuna wa likitansa, don ginseng kaɗai yana taɓa aikin warfarin yana kuma sauke suga.

Maman Khadija: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To Likita, in an ajiye kwalbar me za a yi wa gwiwar?

Likitan Ƙashi: Da farko a tabbatar wace irin gwiwa ce. In ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, ko ba ta iya taka ƙafar sam, a je asibiti ranar, don ƙwayar cuta a cikin gaɓa tana cinye ta cikin kwanaki. In gaɓoɓin yatsu na hannu biyu na sanƙarewa fiye da awa ɗaya da safe, amosanin garkuwar jiki ake zargi, yana da nasa magani kuma jinkiri na lanƙwasa yatsu. In babban yatsan ƙafa ne ke tashi da dare kamar wuta, gawut ne, shi kuwa giyar magani da romon nama mai kauri ƙara masa suke yi. Matashi mai ciwon ƙugu da gwiwa kuma a duba sikila.

In zaizayewa ce, abin da ya fi kowane magani shaida shi ne ƙarfafa naman gaban cinya. Ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafa sambal, ta riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, ta sauke a hankali, sau 10 kowace ƙafa, zagaye biyu ko uku a yini. Bayan mako biyu a ƙara tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba, sau 10. Ɗan ciwo lokacin yi ba laifi ba ne, amma in ya kwana ya wuni bai lafa ba ko gwiwa ta kumbura, an yi yawa, a rage rabi. Sai an yi mako 6 zuwa 12 kafin a ga canji, kuma nan ne mutane suke karaya su daina. Rage ƙiba na da tasiri sosai, kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Sanda a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen gwiwar mai ciwo ba. Man diclofenac na shafawa ya fi ƙwayarsa sauƙi ga ciki da ƙodar tsoho. A ɗaga mata wurin zama da na bayan gida, tsugunno da zaman tabarma suna matse gaɓar.

Ɗan Nanjing: Kuma in daga Sin ake son ɗauko wani abu, ga motsa jikin taici, ba dabba ba giya. An gwada shi a Boston, aka wallafa a 2016, mutum 204 masu zaizayewar gwiwa, sau biyu a mako har mako 12, sakamakonsa ya yi daidai da na masu zuwa gashin ƙashi a asibiti. Sai dai mai farawa kada ya lanƙwasa gwiwa sosai, kuma kada gwiwar ta wuce yatsun ƙafa in ya karkata gaba.

Malam Na Zaure: Batun sujada kuma Hajiya, in tana cutar da ita ta yi sallah a zaune. Ta tsaya ta yi kabbara da karatu da ruku'u in tana iyawa, sannan ta zauna a kujera ta yi nuni da kai wajen sujada, ta sunkuya fiye da yadda ta yi a ruku'u.